Dutsen Tersugh a Kicin ɗin Nababa

Sailuba maƙwabciyata ce a Tudun Gwandara, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma katangar ba ta da tsawon da zai hana magana ƙetarewa. 'Yar Kwandere ce. Mahaifinta manomin doya da rogo ne, mahaifiyarta kuma tana soya gyaɗa tana matse mai, a cikin wannan sana'a ta tashi. Ta gama firamare, ta ɗan taɓa sakandare, sannan ta auri Nababa lokacin yana bin magina yana manna tayil a banɗakunan mutane. Ita ta zaɓe shi, ba ta kuma ɓoye wa kowa. Takan ce a lokacin ba shi da komai sai gudumar roba da fara'a.

Da suka tare a cikin Lafiya ta ci gaba da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har 'yan kasuwa suna zuwa sari a gida. Sun haifi 'ya'ya huɗu, babban shi ne Luqman, don haka duk unguwa Maman Luqman ake kiranta. Mace ce mai tsabta da zafin nama, ba ta da yawan dariya, amma in ta yi sai an ji ta a layi na gaba.

Shi kuwa Nababa, daga baya ya bar tayil ya koma giranit, dutsen nan mai santsi da ƙyalli da ake yankawa a shimfiɗa a kan kantar girki, wanda da yawanmu muke kira mabul. A Abuja ya koyo aikin tare da wani Batibe mai suna Tersugh. Tare suka dawo, tare suka buɗe rumfa a hanyar Shendam. Bayan wasu shekaru suka rabu. Ba wanda ya ji sun yi faɗa. Abin da dai aka sani shi ne masu kawo aiki sun fara cewa "rumfar Nababa", Tersugh kuma ya kwashe injinsa ya koma hanyar Makurdi. Suna gaisawa in sun haɗu, amma kowanne in ya shiga gidan da ɗayan ya yi aiki, sai ya shafa gefen dutsen da yatsa kafin ya zauna.

Nababa ya yi suna. In ya ce Talata zai zo, Talatar zai zo. Ba ya aika kowa awo, da kansa yake zuwa. In dutse ya samu matsala bayan shekara, a kira shi ya dawo ya gyara ba tare da ɓata rai ba. Matan gari suka riƙa miƙa lambarsa daga hannu zuwa hannu.

A nan damuwar Sailuba ta fara, domin ita kicin ɗinta wani ɗan ɗaki ne a bayan gida, da teburin katako da ta zo da shi daga Kwandere a kayan aure. Ta lulluɓe shi da leda mai furanni. Ƙafarsa ɗaya ta ruɓe, an tokare ta da guntun giranit da ya rage daga aikin wata mata. Teburin gajere ne, kullum a sunkuye take yanka albasa, in ta miƙe sai ta dafe ƙugu.

Wayar mijinta kuwa ba ta hutawa. Yana cin tuwo za a kira, ya ajiye loma ya ɗauka, muryarsa ta yi laushi.

"Ranki ya daɗe, Hajiya. A'a, kada ki damu, baƙin ya fi dacewa da fentin naki. Gobe zan zo in gani da idona."

Sailuba tana gefe tana tankaɗe, kunnenta na wajensa. Wani lokaci ya dawo da kular shinkafa, ya ce Madam Francisca ce ta ba shi don ta ji daɗin aiki. Sailuba takan ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa, ta ba yara. Abin da ya fi ci mata rai shi ne hotuna. Duk aikin da ya gama sai ya ɗauka a waya, ya zo ya zauna kusa da ita yana nuna mata da zuciya ɗaya.

"Maman Luqman, dubi wannan. Kin ga inda duwatsun biyu suka haɗu? Ba ki gani ba ko? To akwai haɗi a nan."

"Na gani. Ya yi kyau. Nawa fa?"

"Naki ai na musamman ne. Akwai dutsen da nake jira. Bari a yi Sallah."

An yi Sallah, an yi wata Sallar, an sake yin wata. Ba ƙarya yake yi ba, har ga Allah yana da niyya. Sai dai duk dutsen da ya ware mata, in wata ta zo ta gani ta nace, sai ya kasa hana ta.

Abin ya kai maƙura ranar walimar sabon gidan Rahmat a Shabu. Rahmat 'yar ƙanin mahaifin Sailuba ce, a bayanta ta girma, ita ta koya mata tuƙa tuwo. Mijinta yana koyarwa a sashen noma na jami'a. Nababa ne ya yi musu kicin. Ni ma an gayyace ni, tare muka hau keke muka tafi tun da safe don mu taya girki.

Kicin ɗin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Dutse ruwan toka mai ɗigo-ɗigon fari, ya zagaye bango uku, da sinki a tsakiya. Mata suka cika ɗakin suna shafawa. Wata daga dangin miji ta juyo ta ce, "Ke kam Maman Luqman kin huta. In na waje ya samu wannan, naki na gida ai ba a magana."

Sailuba ta yi murmushi, ta ci gaba da gyaran tattasai.

Rahmat ba ta da mugun nufi, daɗi ne ya ɗebe ta. Ta ce, "Yaya, wallahi mijinki mutum ne. Kin san kafin a ɗora bulo sai da ya sa na tsaya a nan, ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannuna? Wai don kada bayana ya riƙa ciwo in ina girki."

Na ga wuƙar ta tsaya a hannun Sailuba. Ta gama aikinta, ta ƙi cin abinci, ta ce azumin nafila take yi, alhali tare muka sha kunu da safe. A hanyar dawowa, mun wuce gadar Amba kafin ta buɗe baki.

"Maman Nasiha, ni ban zarge shi da kowa ba. Na san mijina. Amma ya san tsawon hannun Rahmat, ya san bayan Rahmat zai yi ciwo. Ni da nake shafa man zafi a gabansa kullum, bai taɓa cewa in tsaya ya auna ni ba."

Washegari na ji su ta katanga. Ba ihu ta yi ba, ta dai faɗa masa cewa ta kwashi adashenta kuma za ta kira magini ya gina mata ƙafafun kanta. Nababa ya ce madalla, ta yi, da an gama shi zai ɗora dutse. Magini ya zo ya yi nasa. Bulo ya tsaya tsirara a kicin, damina ta shiga, ta yi nisa, aka fara cin sabuwar doya, dutse bai zo ba. Kicin ɗin ma ya ƙara matsewa, ga bulo ga tsohon tebur.

Wata Laraba da hantsi ta leƙo ta ce in sa mayafi in raka ta. Sai da muka hau keke na ji ta ce wa mai keken, "Hanyar Makurdi."

Na ce, "Maman Luqman, ba dai wajen Tersugh ba?"

Ta ce, "Shi ba mai dutse ba ne?"

Mun same shi a gaban rumfa, fari fat da ƙurar dutse, yana yanka da injin. Da ya gane ta sai ya kashe, ya goge hannu a wando.

"Ah, Maman Luqman! Lafiya? Oga yana lafiya?"

"Lafiya lau. Aiki na kawo maka. Kicin."

"Na wane?"

"Nawa."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya daina. Hausarsa irin ta kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji. Ya ce, "Madam, kai matan Oga Nababa ne fa. Abeg, kada ka sa ni a wahala. Ya sani?"

"Kira shi ka tambaya."

A gabanmu ya kira. Muna jin muryar Nababa da ƙarar janareta a bayansa. Ya ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffin abokan aiki, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "To ka je ka yi mana, ai ka hutar da ni!" Ya kashe waya. Tersugh ya dubi wayar, ya dube mu. Na ga wani ɗan haske a idonsa wanda ba na tsoro ba ne.

Sailuba ba ta yi gaggawa ba. Shekarun da ta yi tana sauraron mijinta yana yi wa wasu mata bayani ba su tafi a banza ba. Ta ce a fito mata da duwatsun cikin rana, ba ta zaɓe a inuwa. Ta bi kowanne da ido tana neman tsaga. Akwai wani fari mai jijiyoyi da ya ɗauki hankalina, na ce ta ɗauke shi. Ta buɗe jaka ta fito da lemon tsami da 'yar kwalbar manja. Ta nemi guntayen kowane dutse, ta ɗiga musu, muka zauna a benci muna shan ruwan leda. Da aka goge, farin nan ya sha manja ya yi tabo, inda lemon ya taɓa kuma ƙyallin ya dushe. Wani baƙi mai ɗigon ruwan zuma kuwa ko alama.

"Wannan," in ji ta. "Ni mai aikin mai ce, ba kicin ɗin hoto nake so ba."

Sannan ta ce ya nuna mata aikinsa, ba sabo ba, wanda ya daɗe ana wahalar da shi. Ya tura mu shagon abincin wata mata mai suna Ngodoo kusa da tasha. Matar ta bar mu muka shiga ciki. Sailuba ta duba bakin sinki inda dutse ya fi siranta, ta sa farce a wurin haɗi, ta durƙusa ta leƙa ƙasa ta ga yadda aka tallafe shi. Ta tambayi matar ko yana ɗaukar waya bayan an gama biyansa. Ngodoo ta ce yana ɗauka, sau ɗaya ma ruwa ya riƙa bi ta gefen famfo, ya zo ya toshe a ranar.

Da la'asar ɗin Juma'a Tersugh ya zo awo. Ina tsakar gidansu ina taya ta ɓarar gyaɗa, don ta roƙe ni kada in bar ta ita kaɗai. Ya ɗora ma'aunin ruwa a kan bulo, ya ce gefe ɗaya ya fi tsawo, sai an daidaita, in ba haka ba dutsen zai tsage wata rana. Ya ce kuma ginin ya yi mata ƙasa. Ya ce ta tsaya a gaban bulon ta lanƙwasa hannu kamar tana yanka. Tana tsaye haka, shi kuma ya ja tef daga ƙasa, sai ga sallamar Nababa.

Ya tsaya a ƙofar kicin da ledar lemo a hannu. Ya dubi tef ɗin, ya dubi matarsa, ya dubi Tersugh. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Me ke faruwa a gidana?"

"Oga, kai ka ce in zo," in ji Tersugh.

"Wasa nake yi!"

"Ni ban san wasa ne ba."

Ya sani mana. Amma ya naɗe tef ɗinsa cikin ladabi, ya ce zai jira a waje. Nababa ya juya ga Sailuba, ya rage murya saboda ni.

"Maman Luqman, kin san abin da za a ce a garin nan? A ce matar Nababa ta kira wani ya yi mata kicin?"

"Abin da ake cewa yanzu fa, Baban Luqman, ka sani? Ana cewa na fi kowa kicin. Ni nake murmushi ina haɗiyewa."

"Satin nan zan yi miki. Wallahi satin nan."

"Na riga na ba shi magana. Kai da bakinka kake cewa ba a ba ma'aikaci aiki a dawo a ƙwace."

Ya ajiye ledar lemon a kan bulo ya shige ɗaki. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin gidan sosai. Ya je har Kwandere ya kai ƙara wajen mahaifinta. Tsohon ya saurare shi, ya tambaye shi shekara nawa 'yarsa ta yi tana jiran aikin da bai ma fara ba, sannan ya ce shi manomi ne, bai san harkar dutse ba, ya cika masa buhu da doya ya sallame shi.

Ranar da za a kawo dutsen Nababa ya ce yana da aiki a Awe, ya fita da sassafe. Kafin azahar sai ga shi ya dawo, wai mai gidan ya ɗaga ranar aikin. Ya jawo kujera ya zauna a tsakar gida yana danna waya. Motar ta tsaya a ƙofa, Tersugh da mutanensa suka fara sauke babban dutsen, wanda aka huda wa gurbin sinki. A bakin zaure ɗayansu ya fara kwantar da shi don ya wuce. Nababa ya yi tsalle, waya ta faɗi.

"Kai! A tsaye! Za ku karya shi a bakin sinki!"

Kafin kowa ya yi magana ya riga ya kama gefe ɗaya. Da shi aka shiga da dutsen, da shi aka ɗora. Da ya ga abin da ya yi, sai ya saki ya koma kujerarsa yana huci. Bayan sun tafi ya ɗauko nasa ma'aunin ruwan ya shiga kicin. Ya daɗe a ciki. Ya auna ta tsawo, ya auna ta faɗi, ya zuba ruwa ya ga inda zai gangara, ya bi haɗin da babban yatsa. Da ya fito Sailuba ta ce, "Yaya?"

Ya ce, "Gam ɗin ya ɗan yi yawa a ƙasa." Iyakar abin da ya samu ke nan.

Watannin da suka biyo baya Sailuba ta more. Duk baƙuwar da ta zo sai an kai ta kicin, kuma in maigidan yana kusa sai ta ɗaga murya: "Tersugh ne ya yi min, na hanyar Makurdi. Mutumin akwai hannu." Ta gayyato Rahmat musamman. Rahmat ta shafa dutsen ta ce ya yi kyau, Sailuba ta ce ai baƙi ya fi ruwan toka jure manja, amma nata ma ba laifi. Ranar da Tersugh ya biyo don ya duba ko ruwa na zuba, ta cika masa galan da man gyaɗa kyauta a gaban Nababa. Da ya tafi na ji Nababa yana cewa, "Har da mai?" Ta ce, "Ai bai kai kular shinkafa ba."

Maganar ta fita gari kamar yadda ya ji tsoro. Wani ɗan kwangila da ya saba ba shi aiki ya tambaye shi cikin raha ko gaskiya ne a gidansa ma Tersugh ake kira, daga baya kuma ya kai wani aikin hanyar Makurdi. Ranar Nababa ya dawo ya zauna a dakali shi kaɗai har dare. Sailuba ta faɗa min abin ya taɓa ta. Ba ta ba shi haƙuri ba, don a ganinta ba ta yi laifi ba, amma daga ranar ta daina ambaton sunan Tersugh in yana gida. Ta yi masa sakwara da miyar agushi, ya ci ya ƙara.

Ba a daɗe ba ya zo da wani dutse kore mai duhu, wanda ban taɓa ganin irinsa a Lafiya ba. Bai yi shawara da kowa ba. Ya gina mata doguwar kanta a rumfar tsakar gida inda take murza ƙuli, ya yi mata magudanar mai a gefe, ya goge bakin har yana ɗaukar ido. Ya fi na kicin kyau, kuma ya tabbatar kowa ya faɗi haka. Wata Hajiya ta gani a waya ta ce ko nawa ne a yi mata irinsa, ya ce ya ƙare.

Yanzu shekara ta zagayo. Sailuba tana da kanta biyu, ta daina dafe ƙugu. Kishin dai bai tafi ko'ina ba. Har gobe in waya ta yi ƙara ya tausasa murya, rariya takan tsaya a hannunta. Shi ma nasa yana nan. Da safe yakan shiga kicin ya haɗa shayinsa da kansa, amma ba ya ajiye kofi a kan baƙin dutsen. A bakin taga yake ɗorawa, inda wurin bai fi faɗin tafin hannu ba, ya tsaya yana juya cokali a takure. Shekaranjiya kofin ya zame ya fashe. Ina jin Sailuba ta katanga tana sharewa tana cewa, "Baban Luqman, dutsen nan dai bai yi maka komai ba." Jiya da na shiga aron turmi, na ga ya sayo sabon kofi, na roba, yana nan a bakin taga.